Daga Dokar Gawo Zuwa Sassaben Zamani: Sarauta da Sha'anin Noma a Ƙasar Damagaram

    

Gabatarwa

Gidan sarautar da ya cika shekara ɗari ya ga damina ɗari da rani ɗari. Ya ga shekarun da rumbuna suka cika har aka rasa wurin zuba dami, ya kuma ga shekarun da mata suka riƙa tonon gidan tururuwa suna neman tsaba. A rana irin ta yau, al'ada ce a jera sunayen magabata, a tuna jarumtarsu da kyautarsu, kuma makaɗa da maroƙan fada sun riga sun sauke wannan nauyi yadda ya kamata. Wannan jawabi zai juya ne wajen gona, domin ƙarfin sarauta yana ga jama'arta, ƙarfin jama'a kuwa yana cikin rumbu. Duk ranar da rumbu ya wofinta, ƙofar fada ce ke fara cika da masu kuka.

Tambayar da za a bi guda ɗaya ce. A cikin manufofin noma da aka gwada a ƙasar Damagaram, tun zamanin sarakunan da, zuwa mulkin Nasara, zuwa gwamnatocin bayan mulkin kai, me ya sa wasu suka kama ƙasa, wasu kuma suka bi iska? Masu magana sun ce waiwaye adon tafiya.

Ƙasa da jama'arta

Jihar Damagaram ta miƙe tun daga iyakar Nijeriya har cikin rairayin hamada, amma noma ya taru ne a yankin kudu. A Magarya da Kance da Dungas, ruwan shekara kan kai milimita 500 zuwa 600 idan damina ta yi kyau. A birni da Mirya ya fi kusa da 400. Ana haurawa Damargu wajen Tanut, sai ya sauka ƙasa da 300. Duk wannan ruwa cikin wata uku zuwa huɗu yake zuba. Yawancin gonaki jigawa ce, mai sauƙin noma amma mai saurin gajiya, ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki. Gero shi ne uban tafiya, sai wake da dawa da gyaɗa da riɗi. A kwarin Korama da fadamun Mirya, Waca, Bande da Gidimuni, inda ruwa yake kusa, ana noman rake da rogo da kayan lambu, har da dabino.

Sai kuma yawan jama'a. A 1960 mutanen Nijar duka miliyan 3 ne da ɗoriya. Ƙidayar 2012 ta samu fiye da miliyan 17, jihar Damagaram kaɗai tana da sama da miliyan 3 da rabi, ta fi kowace jiha. Ke nan jiha ɗaya ta kamo yawan ƙasar baki ɗaya na lokacin samun mulkin kai. Bakuna sun ninka, gona tana nan yadda take. Duk wata manufar noma da ba ta fara lissafi daga nan ba, ta yi ɓatan kai tun daga ƙofar gida.

Zamanin sarakuna da dokar gawo

Daular Damagaram ta samo tushe daga Malam Yunus a ƙarni na 18, Sarki Sulaiman ɗan Tintuma ya kafa fada a wannan birni a farkon ƙarni na 19. Ta kai ganiyar ƙarfinta a hannun Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884 bayan mulkin fiye da shekara talatin. Marigayi Farfesa Andre Salifu, wanda jami'ar Damagaram ke ɗauke da sunansa, ya yi cikakken nazari a kan wannan zamani a littafinsa na 1971. Kowa ya san Tanimun da ganuwa da igwa da ayarin da ke zuwa daga Tarabulus. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne, dakaru da dawaki da raƙuman fatake duk ci suke yi. Birnin da ke karɓar ayari dole ya zama yana da rarar hatsi da harawa. Saboda haka aka buɗe manyan gandaye, aka zaunar da mutane a sababbin garuruwa, da yawansu bayi ne da aka kamo a yaƙi, kuma tarihi bai ɓoye wannan ba.

A wannan zamani ne aka kafa dokar da ta shahara har a littattafan masana na ƙetare. Kamar yadda ruwayar baka ta zo, sarki ya hana saran gawo: wanda ya kayar da shi a bakin ransa, wanda ya yi masa mummunan sara a bakin hannunsa. Hukuncin yana da tsanani ƙwarai, babu mai fatan dawowarsa. Amma ya kamata a tambaya, me sarki ya gani a jikin wannan itace har ya daidaita shi da ran mutum?

Gawo ya saɓa wa sauran itatuwa. Da damina, lokacin da kowane itace ke yin ganye, shi zubar da nasa yake yi. Ganyen ya ruɓe a gindinsa ya zama taki daidai lokacin da shuka ke buƙata, kuma ba ya tare wa gero rana. Da rani, lokacin da daji ya bushe, sai ya yi kore, ya yi ƴaƴan da awaki da tumaki da shanu ke rububi. Dabbobi su taru a inuwarsa, su bar kashi da fitsari. Saiwarsa tana nutsawa can ƙasa ta ɗebo ruwan da gero ba ya kai wa, kuma dangin wake ne, yana ƙara wa ƙasa irin sinadarin da ake saye a buhun takin zamani. Shi ya sa zangarniyar gindin gawo ta fi ta fili tsawo da cika. Abin da masu bincike suka auna da ma'auni a ƙarni na 20, manoman Damagaram sun gan shi da ido tun kafin nan, fada kuma ta mayar da shi doka.

Dokar gawo tana cikin wani tsari ne mai faɗi. Akwai sarkin noma mai ja-gorar manoma. Akwai gayya, inda gari ke taruwa a gonar mutum ɗaya. Akwai saura, wato a bar gona ta huta shekaru har sabara da kalgo su rufe ta. Akwai amana tsakanin manomi da makiyayi: bayan girbi garke ya sauka a gona ya ci kara, ya bar taki, mai gona ya ba da gero, a ba shi nono. Akwai burtali da mashaya da kowa ya san iyakarsu. Akwai kuma rumbun tsimi, wanda mai gida ba ya taɓawa sai shekara ta ɓaci.

Mulkin Nasara: haraji, gyaɗa da dokar daji

Bayan kisan Kyaftin Kazamaju a 1898 da yaƙin Tirmini a 1899, ƙasa ta faɗa hannun Faransawa. A 1906 suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa, sarauta ta yi rauni na tsawon shekaru, sai a 1923 aka naɗa Barma Mustafa. Birnin Damagaram ya zama hedikwatar ƙasa daga 1911 har 1926 da aka mayar da ita Yamai. A tsakanin nan aka yi yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, wadda tsofaffi suka daɗe suna ƙirga shekarun haihuwa da ita.

Abubuwa uku na wannan zamani sun canja fuskar gona. Na farko haraji da kuɗi. Mai gida da ke da hatsi amma ba shi da kuɗi dole ya nemi abin sayarwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kasuwar gyaɗa ta buɗe, a hankali Magarya da Matamai suka zama ƙasar gyaɗa. Aka riƙa share sababbin filaye, lokacin hutun gona ya ragu.

Na biyu rumbun tsimi na dole. Bayan yunwar 1931, wadda ta fi ɓarna a yammacin ƙasa, hukuma ta tilasta wa talakawa ajiye hatsi a rumbunan da ba a buɗewa sai da izinin kumandan. Tsimi abu ne da manomi ya gada, amma da aka raba shi da iko a kan hatsinsa, sai ya ɗauki abin a matsayin wani haraji, ya riƙa neman hanyar zillewa.

Na uku dokar daji ta 4 ga Yuli 1935, wadda ta shafi ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Faransa. Ta ɗora ikon dazuzzuka da muhimman itatuwa a hannun gwamnati. Nijar mai mulkin kai ta bi wannan sawu a dokar 4 ga Maris 1974, wadda ta jera itatuwan da aka haramta sara, gawo yana cikinsu. A takarda, wannan ya yi kama da dokar Tanimun. A gona kuwa sakamakon ya sha bamban. Manomi ya ga cewa itacen da ya tsiro a gonar gadonsa na gwamnati ne. In ya sare reshe don gyaran rumbu, ma'aikacin gandun daji zai ci shi tara. Sai ya yi lissafi irin na mai hankali: ya tumɓuke tsiron tun yana ƙarami, kafin ya girma ya jawo masa magana. Dokar da aka yi don kare itace ta mayar da mai gona abokin gabar itace.

Bayan mulkin kai: daga arzikin gyaɗa zuwa El Buhari

Gwamnatin Diori Hamani ta jingina tattalin arzikinta a kan gyaɗa. A 1962 aka kafa kamfanin SONARA mai sayen gyaɗa, da hukumar UNCC mai kula da ƙungiyoyin manoma da bashi. Wajen 1966 da 1967 noman ya kai kusan tan 300,000 a shekara, gyaɗa tana kawo fiye da rabin kuɗin da ƙasa ke samu daga abin da take fitarwa. An yi masana'antun mai a Matamai da Magarya. A shekarun 1970 aka kawo shirin 3M na Mirya, Magarya da Matamai da tallafin Turai: iri, takin zamani, garmar shanu da bashi. Malaman gona na lokacin suna koyar da cewa gonar zamani ita ce wadda aka share ƙal, aka cire kututture don garma ta wuce. Manomin da ya bar saura da tsiro a gonarsa, raggo ake ce masa.

Sai fari ya zo. Daga 1968 ruwa ya fara ja da baya, a 1973 abin ya kai maƙura, dabbobi suka mutu, Damargu ta watse. A ranar 15 ga Afrilu 1974 soja suka karɓi mulki ƙarƙashin Seyni Kunce, yunwa tana cikin manyan dalilan da suka bayar. A 1975 cutar gyaɗa da ƙananan ƙwari ke yaɗawa ta gama da abin da fari ya rage, noman ya faɗi ƙasa da tan 50,000, bai sake komawa matsayinsa na da a kasuwar duniya ba. Gonakin da aka share ƙal suka zama filin wasan iska. Manomi ya yi shuka, guguwar farkon damina ta binne ta da rairayi ko ta yanke ta, ya sake, wani lokaci har sau uku ko huɗu.

Gwamnati da masu ba da agaji suka duƙufa ga dashe. Aka kafa wuraren renon itace, aka raba dogon yaro da turare, aka killace dazuzzukan gari, ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace. Dogon yaron da ke inuwantar da titunan birane ribar wannan aiki ce. A karkara kuwa, mafi yawan abin da aka dasa bai ga damina ta biyu ba, saboda itacen kowa da kowa babu mai ba shi ruwa, babu mai kore masa akuya. A watan Mayu 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada, inda aka yarda cewa sai an sa talakawa a gaba. A wannan shekara damina ta sake ɓaci, ga iyakar Nijeriya a rufe, aka shiga yunwar da jama'a suka laƙaba wa suna El Buhari.

Sassaben zamani

Daga cikin wannan wahala mafita ta ɓullo, kuma daga ƙarƙashin ƙasa ta fito. A 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a yankin Maraɗi, ya lura cewa ƴan ƙananan tsirran da manoma ke sarewa kowace bazara rassa ne na kututturen manyan itatuwa, waɗanda saiwarsu ke raye. Daji bai mutu ba, sassabe ne ke hana shi tashi. Aka fara koya wa manoma su canja yadda suke sassabe, abin da aka sani yau da sassaben zamani.

Aikin ba shi da wuya. Lokacin sharar gona, manomi ya zaɓi kututturen da yake so ya raya. A kowane ɗaya ya bar rassa mafi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ya sare sauran. Ya rage ƙananan rassan gefe har wajen rabin tsayi, da kaifin gatari ko lauje, yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Ya dawo ya gyara lokaci zuwa lokaci. Haka kuma in ya ga ɗan gawo ya tsiro daga kashin dabba, ya kauce masa da hauya, ya kafa masa alama. Tun da saiwa ta riga ta kafu, cikin shekara uku ko huɗu abin ya wuce tsayin mutum. Babu sayen iri, babu ban ruwa, babu bashi.

A ƙasar Damagaram abin ya samu gindin zama cikin sauri, kuma galibi ba wani shiri ne ya kawo shi ba. Manoman kudu, da gona ta yi musu kaɗan, saura ta ƙare, takin zamani ya fi ƙarfin aljihunsu, su da kansu suka koma ga gawon kakanninsu, maƙwabci yana koyi da maƙwabci. A 2006 masani ɗan Nijar Mahaman Larwanu, tare da Chris Reij na ƙasar Holan da abokan aikinsu, suka yi bincike a Magarya, Matamai da Mirya, suka ƙiyasta cewa wajen hekta miliyan 1 ta sake yin itace. Hotunan sama da Gray Tappan na Amurka ya kwatanta sun nuna garuruwan da itatuwansu suka ninka na 1975 sau da yawa, alhali jama'arsu ma sun ƙaru. A faɗin kudancin Nijar an ƙiyasta hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200, da ƙarin hatsi kimanin tan 500,000 a shekara. A 2018 aka ba Rinaudo wata babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin, tare da marigayi Yakuba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da dabarar ramukan shuka.

Amfanin ya wuce hatsi. Mace da ke yin rabin yini tana neman itacen girki ta same shi a gonar gidansu. A Mirya ganyen kuka ya zama abin kasuwa. Ƴaƴan gawo sun zama abincin kiwon tumaki. A yunwar 2005, bayan fari da farin ɗango na 2004, iyalan da ke da itace sun samu abin sarewa su sayar su yi awo, sun fi waɗanda ba su da shi jurewa.

Doka ta biyo bayan manomi

A wannan karo gona ce ta yi gaba, ofis ya biyo ta. A ranar 2 ga Maris 1993 aka kafa dokar tsarin karkara, wadda ta amince da mallakar gargajiya daidai da ta takarda, ta kuma kafa hukumomin filaye da ake kira Kofo. Mirya tana cikin wuraren da aka fara gwada su a 1994. Dokar daji ta 8 ga Yuni 2004 ta sassauta riƙon gwamnati. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta tabbatar wa makiyayi haƙƙinsa na yawo da dabbobi. Sai a ranar 30 ga Yuli 2020 aka fitar da ƙudurin da ya tsara sassaben zamani, ya tabbatar wa wanda ya rayar da itace a gonarsa haƙƙin cin moriyarsa. Tsakanin 1935 da 2020 shekara 85 ke nan kafin doka ta dawo inda hankalin manomi yake.

Manyan tsare-tsare ma an yi su: dabarun raya karkara na 2003, alkawarin Maputo na wannan shekara da ƙasashen Afirka suka ɗauka na ware kashi 10 cikin ɗari na kasafi ga noma, da shirin 3N na 2012 mai taken ƴan Nijar su ciyar da ƴan Nijar. Rufe iyakoki da takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 sun sake tuna wa kowa darasin El Buhari: wanda cikinsa ke jiran kasuwar wani, ba shi da cikakken ikon kansa.

Bincike kuma ya kawo dabaru masu arha da ke tafiya tare da itace. Akwai tassa da rabin wata, waɗanda manoman jihar Tawa suka farfaɗo da fako da su. Akwai sa ɗan taki kaɗan, abin da yatsu uku za su ɗauka, a cikin ramin shuka maimakon watsawa. Akwai irin gero mai saurin nuna irin su HKP. Akwai buhu mai ninki uku da ke hana wake yin ƙwari ba tare da magani ba. Akwai jinginar hatsi, inda ƙungiya ke ajiye amfaninta a sito lokacin kaka, ta karɓi bashi a kansa, ta sayar idan farashi ya tashi. Ma'aikatan cibiyar INRAN, wadda aka kafa a 1975, sun kuma samo ɗan ƙwaron da ake saki a gona ya kashe murzuna mai cin zangarniya.

Amsar tambayar farko ta fito ke nan. Dokar Tanimun ta yi aiki da tsoron takobi, amma ta dace da abin da manomi ya sani. Rumbun dole da dokar daji da dajin gari sun gaza domin sun raba mai wahala da moriyar wahalarsa. Sassaben zamani ya yaɗu domin wanda ya yi aikin shi ke cin amfanin.

Inda gizo ke saƙa

Ranar biki ba ta hana faɗin gaskiya. Wani bincike na malaman jami'ar Yamai ya nuna cewa gundumar Kance ta samu rarar hatsi a 2011, shekarar da ƙasa ta yi babban giɓi. Amma a watan Oktoba 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su, yawancinsu mata da yara ne daga wannan yanki. Rarar gunduma ba ta shiga tukunyar wanda ba shi da gona. Gado yana tsaga gona har ta koma ba ta ciyar da gida wata uku. Mai ƙaramin ƙarfi ya jinginar, daga baya ya sayar. Idan gona ta tsuke, gamanar mace ce ake fara karɓewa.

Akwai masu saran dare, da ke kayar da itacen da wani ya yi shekara biyar yana reno. Akwai gonakin da suka cinye burtali, suka kewaye mashaya, suka haura iyakar noma ta arewa da dokar 1961 ta shata. Abin da ya faru a Toda ta jihar Maraɗi a 1991, inda aka rasa rayuka fiye da ɗari a rikicin manoma da makiyaya, ya isa gargaɗi. Birni yana ci gaba da cin itacen girki, ko da yake matatar SORAZ tana fitar da iskar gas tun 2011. Ruwan sama ma ya canja hali: ya yi jinkiri, ya yanke a tsakiya, ko ya zubo gaba ɗaya kamar a 2024, lokacin da tsohon masallacin Birni ya rushe.

Nauyin da ke kan sarauta

Doka ta ba sarakuna ikon sulhu a rikicin filaye, mai gari kuma shi ke shugabantar Kofo ta garinsa. Saboda haka akwai ayyuka biyar da ke jiran fada.

Na ɗaya, tsare shaida. Duk sayarwa, jingina, aro ko kyautar gona a rubuta ta a gaban Kofo. Gona ɗaya kada ta samu takarda biyu. Mai garin da ya sa hannu a kan abin da ya san ba daidai ba ne, ya shuka rikicin da jikokinsa za su girba.

Na biyu, tsare itace. Kowane gari ya kafa ƴan sa ido, da maza da mata da makiyaya a ciki, a yi ƙa'idar da kowa ya ji a bainar jama'a. Wanda aka sare wa itace ya san inda zai kai ƙara, ya kuma ga an bi masa haƙƙinsa. Jama'ar Takeita sun nuna cewa manoma da makiyaya suna iya haɗuwa su riƙe daji guda.

Na uku, tsare burtali da mashaya, da mutunta ranar sakin gonaki. Makiyayi ya jira ranar, manomi ya kwashe amfaninsa kafin ta. Takin garke har yanzu shi ne mafi arha.

Na huɗu, tsare rabon mata da marayu a gado, da ba ƙungiyoyin mata da matasa filayen noman rani da takardar da za ta hana a ƙwace bayan sun gyara.

Na biyar, misali. Gandun sarki ya zama gonar da ta fi kowace yawan gawo a ƙasarsa. A dawo wa sarautar sarkin noma da darajarta, a riƙa naɗa wanda ya fi gyara ƙasa tare da cika rumbu. Talaka ya fi gaskata abin da ya gani a gonar sarki bisa abin da ya ji a rediyo.

Kammalawa

Magabatan wannan ƙasa sun bar ganuwa, yawancinta ta zube. Sun bar igwa, ta zama abin kallo. Gawon da suka tsare kuwa, zuriyarsa tana nan tana ciyar da mutane daga Mirya har Magarya. Yaran da suka zo kallon hawa a yau, su ne za su gaji gonakin nan, kuma za su same su ne yadda aka bar musu. Kukar da aka kauce wa da hauya a daminar bana tana iya kaiwa ranar da wannan gida zai yi bikin shekara ɗari biyu.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da adalci, ya ba da damina mai albarka, ya zaunar da ƙasar Damagaram da Nijar baki ɗaya lafiya.